Littafin aikin matatar ruwanmu a bakin Mayo Kebbi

Lahadi, 15 ga Yuni

Kwamitin ruwa ya ce a riƙa rubuta duk abin da aka yi da duk abin da aka kashe, ni ne kuma magatakarda, shi ya sa na buɗe wannan littafi. Ƙauyenmu na bakin kogin Mayo Kebbi a arewacin Kamaru, tafiyar ƙasa da awa ɗaya a babur daga Pitowa. Gidaje 94 ke shan ruwan shatonmu, wato babban tankin tara ruwa. An taɓa haƙa mana foraj biyu, wato rijiyoyin burtsatse: ɗaya ya ci karo da dutse, ko ɗigo bai bayar ba, ɗayan kuma in ya ba da jarka 30 sai ya tsaya ya huta. Don haka shekara uku ke nan muna jan ruwan mayo, wato kogin, da injin hasken rana, mu tura shi shato, mu zuba jabel, ruwan kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta, mu buɗe wa jama'a famfo.

Da rani ba ma jin ƙorafi. Da zarar ruwan sama ya sauka, sai ruwan ya koma kamar shayin da aka tsinka. Mu ninka jabel, wari ya hana mutane sha, amma kafin azahar in na saka ƙwayar gwaji a 'yar kwalbata ba ta nuna ko alamar jan da ke fitowa in akwai sauran kulorin. Wato jabel ɗin ya tafi. Bara na yi ta tambayar kaina ina yake zuwa.

Abin da aka yanke yau: tsohon shato mai lita 6,000 zai koma wurin kwantar da laka. Za a gina tankin jira mai lita 12,000, da matatar yashi, da tankin ruwa mai tsabta, a jere bisa gangaren tudu don ruwa ya gangara da kansa. Kuɗin da ke hannu sefa 1,150,000, daga karo-karon gidaje da gudummawar 'yan garinmu da ke kasuwanci a Garwa.

Laraba, 18 ga Yuni

Ɗiyar yayata ta zo hutu daga Jami'ar Ngaundere, inda take karatun sinadarai. Na kai ta shato da safe, ta ɗebi ruwa a kofin gilashi, ta tace shi da ƙyalle har sau uku, ta ɗaga shi a rana. Laka ta ragu sosai, amma launin yana nan.

Ta ce, "Kawu, abu biyu ne a cikin ruwan nan. Laka tana yawo ne, in an bar ta za ta kwanta. Wannan launin kuwa romon ganye ne. Ganyen da ya ruɓe a daji, da karan dawa, da kashin shanu, duk sun jiƙa sun narke kamar sukari a shayi. Ƙyalle ba ya kama abin da ya narke."

Shi ke cinye mana jabel. Har nan ban damu ba, domin na ɗauka asarar kuɗi ce kawai. Abin da ta faɗa bayan haka ne ya hana ni barcin rana. Kulorin da romon ganye in sun haɗu ba ɓacewa suke ba, wasu sinadarai suke haifarwa. Waɗanda aka fi sani su huɗu ne, ana kiransu tirihalometan, a taƙaice THM, babbansu kuloroform. Wani masani mai suna Johannes Rook ne ya gano su a ruwan famfon birnin Rotadam na ƙasar Holan a 1974, bayan an shafe shekaru da dama ana zuba kulorin a ruwan sha ba wanda ya lura. Binciken da aka yi daga baya ya danganta shan su na shekaru masu yawa da ƙarin haɗarin sankarar mafitsara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar kuloroform a miligiram 0.3 cikin lita. Amurka ta haɗa huɗun gaba ɗaya ta ce kada su wuce maikirogiram 80, Tarayyar Turai ta ce 100. Kuma yawansu na ƙaruwa in romon ya yi yawa, in kulorin ya yi yawa, in ruwa ya yi ɗumi, in ya daɗe a tanki. Duka waɗannan dalilai huɗu muna da su a shatonmu.

Da yamma muka gwada yunwar ruwan, wato yawan kulorin da sai an zuba masa kafin a samu ragowar da ake so. Giram 15 na garin kulorin a lita ɗaya, shi ne uwar haɗi. Bokiti shida masu lita 20, muka ɗiga da sirinji, kowane bokiti ya fi na bayansa. Mililita ɗaya a bokiti daidai yake da rabin miligiram a lita. Bayan minti 30, sai a bokitin da ya sha mililita 12 ne muka tarar da ragowar 0.5 da ake so. Miligiram 6 ke nan a kowace lita, kuma 5.5 daga ciki sun tafi ne wajen faɗa da abin da ke cikin ruwan. Na rubuta 6 ɗin nan a bangon ɗakin injin da gawayi, ita za mu riƙa auna kanmu da ita.

Lahadi, 22 ga Yuni

Kasuwar Pitowa. Siminti buhu 40 a kan 6,000, ya kama 240,000. Rodi da waya 135,000. Bututu da makunnai 88,000. Kuɗin mota 25,000. Mun bar jabel na kwalba mun koma garin kulorin, domin jabel na rasa ƙarfi in ya zauna a zafi, ba ka sanin abin da kake zubawa. Kilo biyu 8,000.

Juma'a, 27 ga Yuni

An gama tono, an zuba ƙasan tankuna. Matatar mita 2 ce da mita 2 da rabi, murabba'in mita 5. Lissafinmu ruwa ya riƙa sauka santimita 10 a awa, wato lita 500 a awa, lita 12,000 dare da rana.

Yashi ya ba mu aiki fiye da gini. Na mayo ne, kyauta, amma sai an tankaɗe shi sau biyu, a zubar da manyan ƙwayoyi da kuma mai laushin gari, sannan a wanke har ruwan wankin ya fita fari. Mata goma sha biyu suka ɗauki wannan, kwana huɗu suna yi. Maginin ya so a zuba shi yadda yake don a rage kwana, shugabar mata ta ce masa, "Malam, ko gero sai an wanke kafin a kai turmi." Bai sake magana ba.

Alhamis, 3 ga Yuli

Ranar gwajin alif. Ba baƙon abu ba ne gare mu, iyayenmu mata sun daɗe suna juya ƙwallon alif a randa in ruwa ya gurɓace. Abin da ba mu sani ba shi ne adadin.

An yi ruwa mai ƙarfi jiya da dare, mayo ya zo ja wur. Ɗiyata ta taho da wani dogon bututu mai alamar baƙi a gindi, kana zuba ruwa har alamar ta ɓace wa ido, sai ka karanta lamba. Ruwan yau ya wuce 300 a NTU, ma'aunin gurɓacewar ruwa da laka. Abin da ake nema ƙasa da 5, in da hali ma ƙasa da 1.

Muka narka giram 10 na alif a lita ɗaya, muka jera goruna shida da aka yanke wa kai, kowace da litar ruwan mayo. Miligiram 20, 40, 60, 70, 80, 100. Juyi da sauri minti ɗaya, juyi a hankali minti 15, sannan a bari awa ɗaya. A 40 laka ta dunƙule ta sauka, har wani ɗan kwamiti ya ce a tsaya nan. Da aka sa farar takarda a bayan gorar, sai ga launin shayin bai tafi ba. A 60 ya ragu, a 70 kusan babu, 80 da 100 ba su ƙara wani abin a zo a gani ba. Takardar gwajin tsami ta nuna ruwan ya sauko daga 7.3 zuwa 6.3 a gora ta huɗu, kuma ta ce a wannan tsakanin ne, daga 5.5 zuwa 6.5, alif ya fi kama romon ganye. Mun tsaya a 70. Giram 840 ke nan a yini. Buhu mai kilo 50 da na taya a Garwa 30,000 ne, zai kai mu kusan wata biyu.

Na so a ce ƙwayar zogale ta yi mana wannan aiki, don muna da ita a kowane gida kuma ba sai an je Garwa ba. Mun daka, mun jiƙa, mun tace, mun gwada a goruna uku. Gaskiya ta kwantar da laka, ta ba ni mamaki. Amma da muka gwada yunwar kulorin, ruwan zogale ya ci fiye da na alif nesa ba kusa ba, kuma gorar da muka bari ta kwana ta tashi da ɗan wari. Dalilin a fili yake: garin zogale shi ma tsiro ne, ya cire laka ya bar nasa romon. Ga matar da za ta kwantar da ruwan randa ta tafasa a ranar, ba laifi. Ga tankin da za a zuba wa kulorin, ban yarda ba.

Laraba, 9 ga Yuli

Daga yau mun sauya tsari ko da matata ba ta gama ba: alif a shato, a bari ya kwanta, a sauke ruwan sama zuwa tankin jira, a can ake sa kulorin. Yunwar ta sauko daga 6 zuwa 2.5. Wari ya ragu.

Litinin, 14 ga Yuli

An zuba tsakuwa a ƙasan matata, manya sannan ƙanana, santimita 30, sai yashi santimita 90 a kai. Mun cika ta da ruwa daga ƙasa zuwa sama don iska ta fita. Kulorin ya koma tankin ƙarshe da aka gama shafe shekaranjiya. Yanzu sai jira. Ƙarfin wannan matata ba a yashin kaɗai yake ba, wata 'yar fata ce mai santsi ke tsirowa a samansa, cike da ƙananan halittu masu cin ƙwayoyin cuta, kuma tana ɗaukar makonni kafin ta nuna. Kafin nan ruwan da ke fita daga matatar lambun masallaci yake zuwa, jama'a kuma na shan wanda ya bi ta gefe.

Lahadi, 20 ga Yuli

Mako mafi nauyi tun da muka fara, kuma daga bakina abin ya fito.

Ranar Talata a taron kwamiti an tambaye ni me ya sa muke kashe kuɗi haka alhali ruwa ya riga ya washe. Sai na yi bayanin THM kamar yadda na ji, har na ambaci sankara. Ban auna yadda maganar za ta fita daga zauren ba. Magana zarar bunu ce. Kafin Alhamis abin da ke yawo a gari shi ne magatakarda ya ce maganin da ake zubawa a ruwa yana kawo ciwon daji. Jarka 550 muke sayarwa a yini, jiya 190 aka ɗiba. Da asuba na tsaya a kan tudu ina kallon mata a jere da tuluna suna gangarawa mayo, mayon da a wannan watan yake kwaso duk abin da ke bayan gari.

Daren jiya aka kai wani yaro ɗan shekara uku asibitin yanki da gudawa. An sa masa ruwa, an ce ba kwalara ba ce, ya farfaɗo, alhamdu lillahi. Amma na kwana ina tuna 2010, shekarar da kwalara ta shiga Arewa Mai Nisa ta kashe ɗaruruwan mutane, muna jin labarin daga 'yan uwanmu na can kullum da sabon rashi. Kwalara kwana ɗaya take buƙata ta gama da babban mutum. Abin da na tsoratar da su da shi kuwa haɗari ne ɗan kaɗan da ke taruwa cikin gomman shekaru. Gudun gara na sa su faɗa gidan zago.

Na kira ɗiyata, ta ce, "Kawu, ai rabin maganar ka faɗa musu." Sauran rabin shi ne, ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya da ta sa waɗancan iyakoki ta gargaɗa a fili cewa kada a sassauta kashe ƙwayoyin cuta da sunan gudun waɗannan sinadarai. Ta gaya mini wannan tun ranar farko, ni ne hankalina ya tafi ga abin tsoro na bar shi a baya.

Juma'a, 25 ga Yuli

Na je wurin jauro, mai garinmu, tun ranar Litinin na ce, "Ranka ya daɗe, ni na ɓata, ina neman a ba ni dama in gyara a gaban jama'a." Ya yi magana da liman, aka ba ni lokaci bayan sallar Juma'a. Na zo da kwalabe biyu, ɗaya ruwan mayo, ɗaya wanda ya sha alif, na ɗiga musu kulorin daidai wa daida kafin a shiga salla. Da aka fito na saka ƙwayar gwaji a gabansu. Ta farko ba ta nuna komai ba, ta biyu ta yi ja. Na ce maganin bai canza ba, ruwan da aka zuba shi a ciki ne ya bambanta, kuma duk aikin da muke yi don a share masa hanya ne ya yi aikinsa da ɗan kaɗan. Na faɗa da Hausa, wani ɗan kwamiti ya maimaita da Fulatanci.

Da yamma shugabar mata ta tara mata a gidanta na sake yi. Wata dattijuwa ta ce, "Ɗana, kai kana sha?" Na ce ina sha, 'ya'yana na sha. Ta ce to a kawo. Na sha kofi guda, ta karɓa ta shanye sauran.

Laraba, 30 ga Yuli

Jarka 470. Akwai gidaje kamar goma da ba su dawo ba tukuna, ina bin su ɗaya ɗaya.

Asabar, 2 ga Agusta

Matata ta toshe. Kwana 19 kacal. Ruwan da ke fita ya ragu daga lita 500 zuwa ƙasa da 150 a awa ko da an buɗe makunni duka. Ruwa ba ya tsami banza, don haka muka sauke shi muka duba. Saman yashin ya rufe da wani farin abu mai danƙo kamar kunun da ya kwana, kaurin yatsa. Dunƙulen alif ne.

Na gano inda muka kuskure. Shatonmu ɗaya ne mai lita 6,000, muna bukatar 12,000, injin kuma sai da rana yake aiki. Don haka cikon safe awa biyu kawai muke ba shi mu sauke, don a samu a sake cikawa kafin rana ta yi sanyi. Na yamma ne kaɗai ke kwana. A gora awa ɗaya ta isa, domin gora taƙi ɗaya ce, amma a tanki mai zurfin kusan mita biyu ƙananan dunƙule ba su kai ƙasa ba. Ban da haka bakin bututun saukewa ya yi kusa da gindi, yana jawo laka idan ruwa ya kusa ƙarewa.

Mun kankare santimita biyu na saman yashi da faranti, fatar da muka yi kusan mako uku muna reno ta tafi tare da shi. An ɗaga bakin bututu santimita 25. Kwamiti ya yarda a sayi tankin roba na biyu, a cika duka biyun da rana, su kwana, a sauke da asuba. Za kuma a gina ɗan ramin tsakuwa tsakanin tankin jira da matata don ya tare abin da ya kuɓuce. Tanki da ɗauko shi 410,000. Bayan sauran kuɗin gini, abin da ya rage a asusu bai kai ba, mun ranci 150,000 daga adashin mata, za a biya daga kuɗin jarka cikin wata huɗu. Da mun raba matatar gida biyu tun farko, da ana kankare ɗaya ɗayar na aiki. Duk wanda zai gina irinta, ya gina biyu ko da ƙanana ne.

Laraba, 6 ga Agusta

Tanki ya iso, an ɗora. Ramin tsakuwa siminti buhu 4. Ruwan da ya kwana yana fita 8 a bututun gwaji.

Laraba, 13 ga Agusta

Da safe na ji warin kulorin a bakin matata, wurin da bai kamata a ji shi ba sam. Yaron da ke kula da injin ya tafi jana'iza wani ƙauye ya bar wa ƙanensa aiki, shi kuma da ya ga mayo ya zo da datti sosai sai ya zuba uwar haɗi a shato tare da alif, kamar yadda ya ga ana yi shekara uku. Niyyarsa alheri ce. Amma kulorin a ɗanyen ruwa shi ne ainihin abin da muke gudu, sannan abin da ya rage daga cikinsa ya gangara ya taɓa fatar yashin da ta fara dawowa.

Mun zubar da cikon ranar gaba ɗaya. Ban yi masa faɗa ba, domin ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa. Yanzu garin kulorin yana cikin akwati mai kwaɗo a gefen tankin ƙarshe, alif kuma yana sama wurin shato, ba sa haɗuwa a ɗaki ɗaya. Na zana tsarin da fenti a bango, da hoto, don wanda bai iya karatu ba: alif, kwana, tsakuwa, yashi, sannan kulorin. Na koya wa mutum uku maimakon ɗaya.

Lahadi, 24 ga Agusta

Ruwan sama kusan kullum. Alif ya hau zuwa 80 kwana uku, ya dawo 70. Yanzu duk safiyar da aka kwana da ruwa sai an yi gwajin goruna.

Mun gwada gawayin girki da aka daka aka wanke, a cikin bokiti mai huda. Launi bai canza ba, yunwar kulorin ta ragu kaɗan a rana ta farko sannan ta koma yadda take. Gawayin da ake tace ruwa da shi daban ne, ana gasa shi da tururi a zafin da ya kai digiri 800 ko fiye, har ya cika da ƙananan ramuka masu riƙe abin da ya narke. Na sa a tambayo mana farashinsa a Duwala, amma ba na jin asusunmu zai ɗauke shi bana.

Juma'a, 5 ga Satumba

Yau muka fara ba jama'a ruwan da ya bi ta yashi. A bututun gwaji ana ganin alamar baƙi tar ko an cika shi har baki, wato ƙasa da 5, iyakar abin da bututun ke iya nunawa. Yunwar kulorin 1.5. Ban goge 6 ɗin da ke bango ba, na bar ta a gefe don a riƙa gani. Uwar haɗi lita 1.8 ke isar mu a yini, a da sai 7.2. Ragowar kulorin 0.5 a tanki bayan minti 30, a famfon ƙarshe na unguwar gabas 0.3.

Ɗiyata ta ja mini kunne kafin ta koma makaranta: raguwar yunwar kulorin alama ce mai kyau, amma ba ita ce awon THM ba. Wannan sai da na'urar ɗakin bincike mai rarrabe sinadarai. Yashi ma ba gwanin cire launi ba ne, aikinsa ƙwayoyin cuta da sauran laka, yawancin romon alif ne ke ɗauke shi. Ta bar mini ƙananan kwalaben gilashi huɗu da bayanin yadda ake cika su fal ba kumfar iska, a sa a ƙanƙara, a aika da wuri. Biyu za a cika yanzu da damina, biyu a Afrilu, lokacin da zafin nan namu ke wuce digiri 40.

Saboda zafin ne ma muka yi wa tankin ƙarshe rumfar zana, kuma mun daina sa wa ruwa kulorin ya kwana biyu yana jira. Abin da za a sha yau shi ake sa wa yau.

Lahadi, 14 ga Satumba

Jarka 580 jiya, a kan sefa 10. Alif na cin kusan 500 a yini, kulorin bai kai 150 ba, mai kula da injin 1,000. An biya kashin farko na bashin adashi, 37,500. Gida biyu ne suka rage ba su dawo famfo ba. Lakar alif da muke zubarwa daga tankuna ta fara taruwa, an tona mata rami nesa da bakin mayo.

Dattijuwar nan da ta sa ni shan ruwa a gaban mata ta zo ganin matata ranar Alhamis. Ta daɗe tana kallon yashin, sannan ta ce, "Ɗana, wannan ai shi muke yi tun muna 'yan mata. Ba ma ɗibar ruwan da ke gudu. Tono muke a yashin gefe, mu jira ya tsatso." Ta kai ni wani tsibirin yashi da ruwa ya fara janyewa daga kansa, taku kamar ashirin daga bakin ruwa, jikanta ya tona rami har gwiwar hannu, muka kwashe na farko muka jira na biyu. Na kawo shi gida a jarka. A bututun gwaji 20, alhali mayo a ranar yana 180. Launinsa ya fi na mayo haske ƙwarai. Yunwar kulorin 2.5, ba alif ba komai.

Na kai wa kwamiti jiya. In muka kafa rijiyar kankare a yashin gefe muka mayar da bakin injin cikinta, mai yiwuwa alif ya ragu da rabi ko fiye, matata kuma ta daɗe ba ta toshe ba. Ba za a iya tono ba sai ruwa ya ja sosai, wajen Nuwamba. Kafin nan zan riƙa ɗibar ruwan ramin duk Alhamis ina gwadawa, a wuri uku daban, don a san inda ya fi. Maginin ya ce zoben kankare shida za su isa, zai kawo lissafi ranar kasuwa. Kwalabe biyu na farko za su tafi Ngaundere ranar Talata da motar safe, na riga na yi magana da mai ƙanƙara a Pitowa.